Mai Sunan Yarinya: Shekara Huɗu Bayan Hajiya Tabawa

Rajab ɗin nan da ya kama, shekara huɗu ke nan da aka ɗauki Hajiya Tabawa daga unguwarmu ta Tandabawi aka kai ta Harami aka sallace ta. Ni ba na lissafi da kalanda. Na san ta rasu a shekarar da ƙarfen gini ya faɗo cikin masallaci, 'yan watanni kafin faɗuwarsa, domin ranar da abin ya faru na ce a raina, Allah ya raba Tabawa da ganin wannan. Ita ce kuma shekarar turmutsutsun Mina. Abin da zan ba ku labarinsa ya riga wannan. An yi shi bayan an kunna babban agogon da ake hangowa daga kowane lungu na Makka, jirgin ƙasa ya fara kai alhazai Arfa da Muzdalifa, amma ba a kai ga babban kamun marasa takarda ba. Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo, irin zafin da in ka taɓa ƙyauren ƙarfe da azahar sai ka busa hannunka.

Ban yi boko ba, ba na kuma jin kunyar faɗa. Matar ɗana ce ke riƙe da alƙalami, ni ke riƙe da magana, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini harshe. Abin da idona ya gani yana nan a ajiye, ko ƙura bai yi ba.

Tabawa 'yar Gumel ce. Da mijinta ta zo, wani tela mai sanyin hali, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Ba ta koma gida ba. Ta ɗora tukunya, ta shiga yin kunun tsamiya da ƙosai da tuwo tana sayar wa 'yan uwanmu leburori, na Najeriya da na Nijar, masu aikin gini. Gajeruwa ce, mai wushirya, gwiwarta ta hagu na ciwo, muryarta kuwa in ta kira ka daga bakin layi sai mutum uku sun amsa. Mun yi maƙwabtaka fiye da shekara talatin, bango ɗaya ya raba mu. Ba zan ce muku mai sauƙin hali ba ce. Mun taɓa yin wata guda ba ma gaisawa a kan ta ce miyata ta yi gishiri, a gaban baƙi. Gishirin ya yi yawa, amma ba a gaban baƙi ake faɗa ba. Har ta koma ga Allah ba ta ba ni haƙuri ba, sai dai ta aiko mini da ƙosai mai zafi, na ci, magana ta mutu.

Ku da ke gida ba lallai ku san rubaɗ ba. Gida ne na wakafi, wani mai hali yakan gina shi don Allah, a zuba tsofaffin matan da ba su da kowa, kowace da ɗan ɗakinta, ta zauna har ranar da za a kira ta. Akwai su da yawa a Makka. Wanda nake magana a kansa a Utaibiyya yake, cikin wani matsattsen layi da mota ba ta juyawa. A ciki akwai Hausawa, da Barebari, da mutanen Jawa, da 'yan Yaman. Duk Juma'a Tabawa takan cika babbar langa da kunu ta kai musu sadaka, ni ke raka ta don ni ke da lafiyar ƙafa.

A can muka san Inna Dudu. Mutuniyar Damagaram ce, doguwa, siririya, ba ta magana sai da dalili. Da ƙafa suka taho ita da mijinta tun tana amarya, suna tafe suna tsayawa aikin gona, har suka tsallaka teku. A gonakin audugar Sudan ta haifi 'yarta ta fari, a can kuma ta binne ta, yarinyar ta fara tafiya ke nan. Ranar da muka fara shiga ɗakinta, ta tambayi ƙawata sunanta. Da ta ji, sai ta daɗe tana kallon langar kunu. Can ta ce, "Ashe mai sunan yarinya ce." Ba mu tambaya ba, mun gane. Tun daga ranar ba ta taɓa kiran ta da wani suna ba sai wannan. Mace ta doshi saba'in, da furfura da ciwon gwiwa, ana kiran ta Mai Sunan Yarinya, ita kuma tana amsawa da "Na'am, Inna," har da rusunawa. Ita da ba ta rusuna wa kowa.

Mai kula da gidan, wadda ake kira mushrifa, wata mace ce da kowa ke ce wa Abla. A Makka aka haife ta, a nan aka haifi uwarta, amma kakarta Bahaushiya ce. Hausarta ta gaisuwa ce da ta faɗa, sauran duk Larabci. Ba zan ce da mugunta aka haife ta ba, don na san ta tana da fara'a. Tsofaffi sun yi mata yawa, mai taya ta aiki ɗaya ce, kuma shekara da shekaru ba wanda ke leƙowa ya ga yadda take yi. A hankali hannunta ya yi nauyi. Aka fara da tsawa, aka koma mintsini, aka kai ga silifas.

Wadda ta fi shan wuya wata makauniya ce 'yar Jawa, Siti muke ce mata. Tsufa ya sa ba ta riƙe fitsari, kuma takan tashi tana lalube tana neman ƙofa. Sai Abla ta riƙa ɗaure ta da mayafi a jikin gado tun safe, ta bar ta cikin jiƙa har la'asar. Ɗakin Siti na jikin na Inna Dudu. Duk gidan sun sani, duk gidan sun yi shiru, kuma ban ga laifinsu ba. Yawancinsu iƙamarsu, wato takardar zama, ta mutu tun mazansu na da rai. Abla kuwa ta iya tuna musu. Ba ta ɗaga murya in za ta faɗa. Takan ce, waya ɗaya zan buga a zo a kai mutum tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Ku gane abin da wannan kalma take nufi ga mace irin Inna Dudu. Ta bar Damagaram tun ba ta yi haƙorin hankali ba. Wa za ta tarar a can? Mijinta a Makka yake kwance. Abu ɗaya ya rage mata a duniya, ta mutu a garin nan a sallace ta a gaban Ka'aba. Don shi ta taka Sudan da ƙafa, don shi ta bar kabarin 'yarta a baya.

Da sanin wannan ta buɗe baki. A goman ƙarshe na azumi matar naziri, wato mai riƙon wakafin, ta zo rabon kayan salla. Tana miƙa wa Inna Dudu nata, sai tsohuwa ta riƙe hannunta ta ce, shiga ɗakin nan ki ɗaga hannun rigar Siti ki gani. Matar ta shiga, ta gani, ta fito da hawaye. Mace ce mai tausayi, ba na musu. Amma sai ta kira Abla a tsakar gida, a gaban kowa, ta ce ga abin da Hajja Dudu ta nuna mini, kada in ƙara ji. Ta yi faɗanta, ta shiga motarta, ta tafi gida shan ruwa.

Da labarin ya iso mu, ni murna na yi. Na ce alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Tabawa tana juya ƙosai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ladi, ke kina ganin an gama? Yanzu aka fara. Matar naziri tana gidanta, Inna kuwa da wa ta kwana?"

Haka kuwa aka yi. Bayan salla mukayyif ɗin ɗakin Inna Dudu, na'urar sanyin nan, ya lalace, shi kaɗai a duk gidan, mai gyara kuma kullum gobe zai zo. Maganin hawan jininta ya riƙa makara. Sauran tsofaffi suka daina zama kusa da ita, ba don ƙi ba, don kada a haɗa da su. Daga nan aka ce an hana baƙi shiga, wai likita ya ce ana kawo musu cuta.

To a nan ne na ga kan Tabawa. Ba ta yi faɗa ba, ita da faɗa ba ya yi mata wuya. Ta tafi kasuwa ta sayo ƙaramar langa mai murfi, fara mai jan baki. Ta ce an hana baƙi, amma ba wanda ya isa ya hana sadakar abinci shiga gidan wakafi a garin Makka. Kullum da hantsi sai ta zuba kunu ta kai, ta ce wannan na Inna Dudu ne ita kaɗai. Da azahar ta koma karɓar langarta. In mai aiki ta miƙo mata, sai ta noƙe ta ce a'a, a garinmu hannun da aka ba kwano shi ke mayarwa. Ba a garinsu ba, ba a garin kowa ba, a bakin ƙofar nan ta ƙirƙiro shi. Amma ta faɗe shi da ƙarfin da dole aka riƙa fito da tsohuwa bakin zaure. Tabawa ta karɓi langa, ta dubi idonta, ta dubi wuyan hannunta, ta ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ita kuma ta ce, "Lafiya lau, Mai Sunan Yarinya." A cikin langar kullum akwai ɗan abu, don Inna Dudu ba ta mayar da kwano haka nan: busasshen dabino, ko gutsuren burodi, wata rana ma allura da zare.

Na ce mata, wannan wahala har yaushe, ga gwiwa, ga kuɗin mota, ga masu tuwo na jira? Ta ce, "Abla ta san akwai idon da zai ga Inna gobe. Shi ke nan abin da nake saya."

Ranar da abin ya fashe, wata Talata ce a cikin Shawwal, ina tare da ita. Muka ƙwanƙwasa da azahar. Abla ce da kanta ta buɗe, da murmushi, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Ta miƙo langa an wanke ta tas. Tabawa ta ɗaga murfi, sai ga dabino manya masu sheƙi, irin na kwali, cike har baki. Wannan kam Abla ta koya a wurin kakarta, ta san ba a mayar da kwano wayam.

Ta ce, "Ya Hajja, Dudu ta gaji, tana barci. Amma ta ba ni saƙo."

Tabawa ta ce, "Me ta ce?"

"Ta ce, ki gaya wa Tabawa na gode, halas, ya isa haka, kada ta ƙara wahalar da kanta."

"Haka ta ce? Da bakinta?"

"Wallahi da bakinta. Ta ce, ya Abla, ki ce wa Tabawa, Tabawa ta huta haka nan."

Tabawa ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ladi, kin ji? Har sau biyu a jere."

Na ji. Nan take na gane ƙarya ce. Matar da ta haura shekara sittin ba ta furta sunan 'yarta ta fari ba, ita ce za ta jera shi sau biyu a saƙon barci? Ko dai ba ta ce komai ba, ko kuma ba ta inda za ta iya cewa.

Tabawa ta mayar da murfi, ta ajiye langar a ƙasa, ta tattara abayarta ta zauna daram a kan dokin ƙofa, rabinta a ciki rabinta a waje, yadda ƙyaure ba zai rufu ba sai an karya mata ƙafa. Ta ce, "Ladi, ciro wayar nan taki. Ki ce ana dubiya a Utaibiyya, kowace ta zo da langarta."

Murmushin Abla ya ɗauke. Ta ce za ta kira 'yan sanda. Ta ce, "Ke ma na san ki, ya Hajja. Iƙamarki ba ta sayar da abinci ba ce." Gaskiya ta faɗa, kuma ni na san abin da hakan zai iya jawowa. Tabawa ta ce, "Kira su, 'yata. In sun zo su ma akwai kunu."

Na kira mace ɗaya, ita ta kira wata. Kafin la'asar layin ya cika da matan Tandabawi, tsofaffi da masu goyo, wasu ko murfin tukunya ba su tsaya rufewa ba. Ba wadda ta yi ihu, ba wadda ta zagi kowa. Kowace ta zo sai ta yi sallama a bakin ƙofa ta ce ta zo duba Inna Dudu, a ce tana barci, ta ce to bari in jira ta farka, ta nemi inuwa ta zauna da langarta a cinya. Wasu a cikinsu takardunsu ba su fi na Inna Dudu lafiya ba, sun kuma sani, suka zauna. Da aka idar da sallar la'asar limamin masallacin layin ya fito ya ga hanya ta toshe da mata. Ya tambaya, aka gaya masa, ya kira naziri.

Naziri dattijo ne, jikan wanda ya gina gidan. Ya iso ransa a ɓace, yana cewa wane irin abin kunya ne wannan a ƙofar wakafin kakansa. Abla ta tare shi da bayani, ta ce tsohuwa barci take, ta ma aiko da saƙo da dabino, ga su nan. Tabawa ba ta tashi ba. Larabcinta na kasuwa ne, a karye yake, amma ba ya ɓatan hanya. Ta ce masa saƙon ƙarya ne, don an sa sunanta a ciki. Ya dube ta kamar mai taɓin hankali. Ya ce, to da sunan wa za a sa?

Ta ce, "Ya Shaihu, ba sai mun ja ba. A fito da ita, ka nuna ni, ka tambaye ta sunana. In ta faɗa, na ɗauki langata, ba za a ƙara ganin ƙafata a layin nan ba."

Ya ce a fito da ita. Abla ta tsaya tana laluben makullai. Ni da wata Hajiya muka wuce ta muka shiga. Ɗakin Inna Dudu a buɗe, an share, ko tabarma babu. Wata tsohuwa 'yar Yaman ta ɗaga ido ta nuna mana sama. Muka hau bene har ƙarshe. A can gefen tankin ruwa akwai wani ɗaki na ajiye tarkace, rufin kwano, an sa sakata ta waje. Da na zare ta, zafin da ya bugi fuskata kamar na buɗe tanda. Inna Dudu tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, leɓɓanta sun bushe, ga butar ruwa ta yi ɗumi, ga kayanta an ƙulle a zane ɗaya. Tun jiya da yamma aka hau da ita. An gaya mata gobe mota za ta zo. Ta dube ni ta ce, "Ladi, motar ce?" Na ce, "A'a Inna, dubiya ce."

A kan kujera muka sauko da ita. Aka ba ta ruwa, aka shafa mata a fuska. Naziri ya kasa haɗa ido da kowa, amma Tabawa ta ce sai ya yi tambayarsa, tunda an yi alkawari. Ya sunkuya ya nuna ta ya ce, "Ya Hajja, kin san wannan?"

Ta ce, "Na san ta mana. Mai sunan yarinya ce."

"Sunanta nake tambaya."

Inna Dudu ta ɗago ta dube shi, da muryar da ta rage mata ta ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba na daina kiran sunan nan. Ba zan fara yau don kai ba."

Mata suka kwashe da dariya, wasu suna dariya suna share hawaye. Liman ne ya ja naziri gefe, wata daga cikinmu ta yi musu bayanin kunyar ɗan fari. Ni kuwa Abla nake kallo. Ta tsaya da makullai a hannu, fuskarta ta canja. Na ji ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Kakata ma ba ta kiran sunan babban kawuna. Na ɗauka faɗa suka yi."

Sai a lokacin Tabawa ta miƙe, da taimakon hannuna. Na zaci kan Abla za ta sauka. Naziri ta fuskanta. Ta ce, "Wurinka na zo, ya Shaihu. Tsohuwa ta kawo kuka, matarka ta kira wadda aka kai ƙara ta ce ga abin da wance ta faɗa, ta shiga mota ta tafi. A hannun wa kuka bar ta?" Ya ce ba su yi tsammanin haka ba. Ta ce, "Yau kun gani. Gidan nan ba wadda za ta ƙara buɗe baki, ko kashe Siti ake yi, sai in sun ga wadda ta buɗe nata tana nan a ɗakinta, da sanyinta, da maganinta."

A nan bakin ƙofa ya yarda a mayar da Inna Dudu ɗakinta, a buɗe ƙofa ga masu dubiya tun safe har isha. Ya ce takardarta shi zai bi da kansa, kuma ya bi. Tabawa ta ƙara da cewa in wata ta kawo kuka nan gaba, a ji shi a keɓe, a bincika ba tare da an kama suna ba. Ya ce in sha Allahu. Ta ce ta ji in sha Allahu, amma za ta riƙa zuwa tana gani.

Kada ku ɗauka an kori Abla a ranar. Ba a kore ta ba. Aka ce aikin hajji ya gabato, ba a samun madadi, sai bayan an sauko daga Arfa. Wata biyu da wani abu tana nan da makullanta. Wannan zaman shi ne aikin da ba wanda ya tafa wa Tabawa a kansa, kuma shi na fi girmamawa. Ta raba mu, wance da safe, wance da yamma, ita kuwa kullum. Lokacin da 'yan kasuwa ke samun na shekara, ita tana zaune a tsakar rubaɗ tana tsefe wa Siti kai. Masu tuwonta da yawa suka koma wurin wata. Gwiwar nan tun daga lokacin ba ta ƙara daidaita ba.

Abin da ya haɗa ni faɗa da ita shi ne, kullum sai ta zuba wa Abla nata kunun a kofi, ta miƙa mata da hannu biyu. Na ce, "Ke Tabawa, wadda ta ɗaure makauniya?" Ta ce, "In na wulaƙanta ta da rana, Ladi, in mun tafi a kan wa za ta huce?" Ban yarda da ita ba a lokacin. Yau ma rabin zuciyata bai yarda ba. Amma ba a ƙara taɓa kowa a gidan ba har Abla ta tafi, Siti kuma da ta rasu cikin Muharram, a kan busasshiyar shimfiɗa ta rasu, hannuwanta a sake.

Nakan zauna in ce, da Tabawa za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta ga mata na tuƙa mota a titin Makka, na san sai ta tsayar da ɗaya ta ce a kai ta Utaibiyya kyauta. Za ta ga jirgin ƙasa mai kai mutum Madina kafin kunu ya huce. Za ta tarar an rushe wani gefen unguwarmu don sabuwar hanya, matan da waya ɗaya ke tarawa sun warwatsu, wata a nan wata a bayan duwatsu. An ce mini yanzu akwai doka a kan masu cutar da tsofaffi, akwai lambar da ake kira, kuma kowace yarinya na da wayar da za ta ɗauki hoton abin da ta gani. Na yi murna, Allah ya ƙara. Amma na san tambayar da za ta yi, don na ji ta sau ɗaya tana juya ƙosai. Za ta ce, to bayan an kira lambar, an zo, an rubuta, an tafi, wadda ta kira da wa za ta kwana?

Ku ma na gida kada ku ce wannan zancen Makka ne, mu ba mu da gidan tsofaffi. Kuna da tsohuwa a ɗakin baya, wadda ɗanta ke leƙowa ranar Juma'a ya tambaye ta ko ana kula da ita, a gaban masu kula da itan. In ta ce lafiya lau, ku dubi wuyan hannunta. In kuma ta yi ƙarfin hali ta faɗa, kada ku yi faɗa ku tafi. Ku dawo gobe, ku dawo jibi, ku nemi dalilin dawowa ko da na karɓar kwano ne.

Tabawa ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. Tukwanenta an raba wa maƙwabta. Ƙofar rubaɗ ɗin nan dai har yau a buɗe take ga masu dubiya, sabuwar mushrifa ma ba ta san dalili ba, ta ɗauka haka aka gina gidan.

Naziri ya rasu bara waccan, ɗansa ke riƙe da wakafin. Liman ya tsufa, an ce ya koma wurin 'ya'yansa a Ɗa'ifa. Matan da suka zauna a layin nan da langa a cinya, babban kamu ya tafi da wasu, mutuwa ta tafi da wasu, waɗanda nake iya kira yau ba su cika hannu ɗaya ba. Abla tana nan da rai. Na gan ta a Harami azumin da ya wuce tana tura wata tsohuwa a keke, ban san ko uwarta ce ba. Ta gaishe ni da Hausa, na amsa.

Sai ni, ga ni, ina ba ku labari. Sai Inna Dudu, wadda duk muka ɗauka ita za ta riga mu. Tana nan a ɗakinta na ƙasa, idonta ya yi rauni, hankalinta garau. Ni aka aika in gaya mata rasuwar Tabawa. Ban san yadda zan fara ba, sai na ajiye langa a gabanta. Ta shafa murfin, ta gane hannun da ya kawo ba shi ne na kullum ba. Ta ce, "Yarinya ta sake riga ni."

Langar tana wurina, jan bakinta ya ɓamɓare. Juma'ar da ta wuce na kai mata kunu, da azahar na koma karɓa daga hannunta. Na ɗaga murfi na tarar da busasshen dabino guda biyu. Ta ce, "Ɗaya naki ne, Ladi. Ɗayan ki ba wani a hanya sadaka. Allah ya kai ladan ga masu sunan, su biyun."